Ɗaukar hoton duniyoyi: Damar da sararin samaniyar Sakkwato ke bayarwa

A shekarun baya, samun hoto mai kyau na duniyoyin da ke kewaya rana aiki ne na manyan cibiyoyin bincike na Turai da Amurka, masu na'urorin hangen nesa da sai an gina musu ɗaki na musamman. Daga farkon shekarun 2000 lamarin ya sauya. Mutum ɗaya a tsakar gidansa, da na'urar da zai iya saɓawa a kafaɗa, da ƙaramar kyamara da kwamfuta, yana iya fito da hoton da masana za su karɓa su yi aiki da shi.

Masu wannan sha'awa sun fi yawa a ƙasashen Turai da Amurka da Japan da Ostireliya. To amma idan aka dubi inda birnin Sakkwato yake a doron ƙasa, za a tarar ya fi akasarin waɗannan wurare dacewa da aikin ta wata fuska mai muhimmanci, ko da yake yanayinsa na da nasa cikas.

Taurari biyar masu tafiya

Duniyoyi biyar ne ake iya gani da ƙwayar ido, kuma malaman ƙasar Hausa sun san su da sunayensu na Larabci: Uɗaridu, wato Mercury, da Zahara, wato Venus, da Mirriku, wato Mars, da Mushtari, wato Jupiter, da kuma Zuhalu, wato Saturn. Zahara ce Hausawa ke wa kirari da matar wata idan ta fito da almuru, idan kuwa da asuba ta fito sai a kira ta Gamzaki. Masu tafsiri da dama sun bayyana cewa waɗannan taurari biyar ne ake nufi a aya ta 15 da ta 16 na Suratut Takwir.

Abubuwa biyu ne suka bambanta su da sauran taurari. Na farko, suna sauya wuri a tsakanin taurarin daga mako zuwa mako. Na biyu, haskensu a tsaye yake, ba ya ƙiftawa sosai kamar na sauran. Dalili shi ne tauraro na ainihi wata rana ce mai tsananin nisa, wadda ko a babbar na'ura ɗigo ɗaya take, alhali duniyoyin nan maƙwabta ne, hasken rana suke mayarwa, kuma kowacce na da faɗin da na'ura ke iya nunawa.

Sai dai faɗin ƙarami ne ƙwarai. Mushtari ya ninka duniyarmu sau 11 a faɗi, amma ko a lokacin da ya fi kusa nisansa kusan kilomita miliyan 600 ne. Girmansa a ido kusan kashi ɗaya cikin 40 ne na faɗin cikakken wata, kwatankwacin ƙwallon ƙafa da aka ajiye a nisan kilomita ɗaya. Aikin mai ɗaukar hoto shi ne ya fito da zanen da ke jikin wannan ƙwallo.

Sakkwato da ilmin falaki

Duban sama da idon ilmi ba baƙon abu ba ne a Sakkwato. Baturen Birtaniya mai yawon bincike, Hugh Clapperton, wanda ya isa birnin a watan Maris na 1824, ya rubuta cewa ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sararin samaniya, sai ya tarar Sarkin ya san dukkan burujai goma sha biyu, da wasu rukunonin taurari, da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. A cikin tsarabar da baƙon ya kai har da ƙaramin madubin hangen nesa da na'urar nuna alƙibla, kuma ya ce su ne suka fi jan hankalin Sarkin.

Malaman jihadi sun bi rabon da malaman Musulunci suka yi wa ilmin taurari tun da daɗewa. Akwai ilmin tafiyar taurari, wanda ake sanin alƙibla da lokutan salla da yanayin shekara da shi, kuma wannan halas ne. Akwai kuma da'awar cewa taurari na yin tasiri a kan rabon mutum, wanda shi ne duba, kuma an yi hani da shi. Muhammadu Bello kansa yana da littafi mai suna Tanbihu Ahlil Fuhum, wanda ke gargaɗi game da 'yan rufa-ido da masu duba da taurari. Har gobe kuma akwai malamai a ƙasar Hausa da ke lissafa wa manoma damina da manzilolin nan 28, irin su Nasara da Ɗarfa da Jabha, akasarinsu kwana 13.

Ɗaukar hoton duniyoyi na cikin kashi na farko. Awo ne da adana shaida, ba shi da wata alaƙa da sanin gaibu.

Iska ce babbar matsala

Tun da aka ƙera na'urar hangen nesa a ƙasar Holan a 1608, kuma Galileo na Italiya ya hango watanni huɗu na Mushtari da ita a watan Janairun 1610, masu duban sama ke fama da matsala guda, wato iskar da ke lulluɓe da duniyarmu.

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Illela da tsakar rana a watan Afrilu ya ga yadda abubuwa ke rawa a saman kwalta. Iska mai zafi da mai sanyi ba sa karkatar da haske daidai da juna, saboda haka idan suna cuɗanya sai abin da ke bayansu ya riƙa motsi. Irin wannan cuɗanya tana faruwa dare da rana, daga rufin gida har zuwa nisan kilomita goma da 'yan kai a sama. Ita ce ke sa taurari ƙiftawa, kuma ita ce ke sa hoton Mushtari ya riƙa karkarwa a cikin na'ura kamar tsakuwar da ke ƙarƙashin ruwa mai gudu.

A lissafi, na'ura mai madubin da faɗinsa ya kai santimita 20 na iya bambance abu mai girman ƙwayar dawa daga nisan kilomita ɗaya. A aikace, iska ba ta cika bari a kai ga haka ba, sai a ɗan taƙaitaccen lokaci da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, idan ta lafa.

Wannan ne ya sa hotunan duniyoyi na zamanin fim ba su da kyau. Fim na buƙatar a bar shi a buɗe na daƙiƙa ɗaya ko fiye, kuma kafin nan rawar iska ta riga ta dagula komai. Idon mutum ya fi fim iya kama lokacin lafawar, amma shi ma yana ruɗuwa. A ƙarshen ƙarni na 19 wani attajiri Ba'amurke, Percival Lowell, ya zana layuka masu yawa da ya ce ya gani a jikin Mirriku, ya kuma yi imanin magudanan ruwa ne da wasu halittu suka haƙa. Hotunan da kumbuna suka aiko, farawa da Mariner 4 a 1965, sun nuna babu su.

Dabarar hotuna dubu

Maganin da aka samu shi ne a daina neman hoto guda, a ɗauki bidiyo. Wani masanin haske Ba'amurke, David Fried, ya yi lissafin yiwuwar dacewa da hoto mai kyau ta wannan hanya tun 1978, amma sai da kyamarorin kwamfuta suka yi araha dabarar ta isa hannun talakawa. A farkon shekarun 2000 masu sha'awa suka gano cewa ƙaramar kyamarar hira ta intanet, musamman samfurin ToUcam na kamfanin Philips, za ta yi aikin idan aka cire gilashinta aka saka ta a mazaunin da ido ke leƙawa. A watan Agustan 2003, lokacin da Mirriku ya matso kusa da duniya har kilomita miliyan 56, kusancin da bai yi irinsa ba cikin kusan shekaru 60,000, hotunan da aka ɗauka ta wannan hanya sun bazu ko'ina, kuma daga nan fim ya fita daga wannan fage.

Aikin matakai uku ne. Na farko, a ɗauki bidiyo na minti biyu ko uku. Kyamarorin da ake yi domin wannan aiki a yanzu na iya ɗaukar hoto 100 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, wato hoto 12,000 cikin minti biyu. Kowannensu gajere ne ƙwarai, ta yadda iska ba ta samun sukunin dagula shi.

Na biyu, manhajar kwamfuta ta tace hotunan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake sheƙar hatsi, ta zubar da akasarinsu, ta riƙe kashi 10 zuwa 25 cikin 100 da suka fi fitowa sarai. Daga nan ta daidaita su ta ɗora su a kan juna. Kowane hoto shi kaɗai cike yake da ɗige-ɗige marasa ma'ana, amma da yake wuraren ɗige-ɗigen na sauyawa daga hoto zuwa hoto, alhali zanen duniyar na nan inda yake, haɗawar na shafe su. Hoto 100 na rage su sau goma, hoto 2,500 kuwa sau hamsin.

Na uku, a ƙara wa hoton da aka haɗa kaifi, domin ƙananan abubuwan da ke ɓoye su fito. A nan ne sababbin shiga suka fi yin kuskure, domin wuce gona da iri na haifar da layuka da zobba waɗanda babu su a zahiri.

Manhajojin da aka fi amfani da su kyauta ne, kuma masu sha'awa ne suka rubuta su. Akwai RegiStax ta Cor Berrevoets da AutoStakkert ta Emil Kraaikamp, dukansu 'yan Holan, da FireCapture ta Torsten Edelmann na Jamus. Akwai kuma Stellarium, wadda ke nuna inda kowace duniya take a kowane lokaci idan aka gaya mata garin da ake.

Amfanin zama a digiri 13

Sakkwato na kan digiri 13 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. Duniyoyin kuwa duk hanya ɗaya suke bi a sararin sama, wato hanyar burujai da rana da wata ke bi, wadda ke karkata digiri 23 da rabi arewa da kudu.

Sakamakon haka shi ne, ko a shekarar da wata duniya ta karkata kudu matuƙa, idan ta kai ƙololuwarta a dare tana hawa sama da digiri 50 a samaniyar Sakkwato. A birnin Landan, wanda ke kan digiri 51 da rabi, ba za ta wuce digiri 15 ba. Hasken da ya zo daga digiri 15 sai ya ratsa iskar da ta kusa ninka ta saman kai sau huɗu, alhali na digiri 50 da 'yan kai bai wuce ɗaya da kwata ba. Bugu da ƙari, iska na rarraba hasken duniyar da ke ƙasa-ƙasa zuwa launuka, gefe guda ja, gefe guda shuɗi, har sai masu aikin a Turai sun sayi wani gilashi na musamman domin gyarawa.

Wannan ne ya sa Damian Peach na Ingila, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara a wannan fanni, ya sha ɗaukar kayansa zuwa tsibirin Barbados, wanda shi ma a kan digiri 13 yake. Christopher Go, wanda ya fara lura a watan Fabrairun 2006 cewa wata farar guguwa a jikin Mushtari ta koma ja, a birnin Cebu na ƙasar Filifin yake aikinsa, a kan digiri 10.

Sai dai akwai bambanci. Barbados da Cebu tsibirai ne, kuma iskar da ta biyo ta kan teku ta fi natsuwa. Sakkwato na tsakiyar ƙasa ne a bakin Sahara, inda ƙasa ke shan zafi da rana ta riƙa amayar da shi da dare.

Hazo da bazara da damina

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Idan hazo ya yi kauri babu abin da za a gani. Amma hazo mara kauri ba ya hana aiki, domin duniyoyin na da haske sosai, kuma masu aikin sun daɗe da lura cewa dare mai ɗan hazo da babu iska ya kan fi dare mai garau da taurari ke ta ƙiftawa. Babbar illar ƙura ga na'urar ce. Goge madubi da tsumma na karce shi, saboda haka rufewa da adanawa ya fi wankewa.

A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 da rana, gine-gine da rufin kwano da siminti na ci gaba da fitar da zafi har tsakar dare. Duban duniya ta saman rufin maƙwabci tamkar duban ta ne ta saman murhu. Ya fi kyau a kafa na'ura a kan ƙasa ko yashi, nesa da janareta, a kuma fitar da ita waje awa guda kafin a fara domin zafinta ya daidaita da na iska. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga tsakar dare zuwa goshin asuba.

Damina, daga Yuni zuwa Satumba, na zuwa da gizagizai, amma daren da ya biyo bayan ruwan sama na iya yin garau. Tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, wato Oktoba da farkon Nuwamba, sararin sama ya kan kasance babu gajimare babu ƙura.

Wani abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne hasken fitilun gari ba ya damun wannan aiki. Mai son hoton taurari masu dishi-dishi dole ya fita daji, amma mai neman Mushtari na iya aikinsa a Mabera ko Runjin Sambo.

Kayan aiki

Abin da ya fi muhimmanci a na'urar hangen nesa shi ne faɗin madubinta, ba yawan ninkin da aka rubuta a jikin kwali ba. Ƙananan na'urorin da ake tallatawa da cewa suna kusanto da abu sau ɗari biyar ba su da amfani a nan. Madubi mai faɗin santimita 10 zuwa 13 zai nuna zoben Zuhalu da manyan layukan Mushtari. Daga santimita 15 zuwa 20 ne ake fara samun hotunan da masana ke iya amfani da su.

Na biyu shi ne mazaunin da na'urar ke kai. Duniyarmu na juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka abin da aka saita a kai na ficewa daga gaban kyamara cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Mazauni mai ƙaramin inji na bin duniyar da kansa, kuma ana daidaita shi ne da tauraron arewa, wanda a Sakkwato bai wuce digiri 13 daga ƙasa ba, ta yadda katanga ko itace na iya kare shi. Wanda ba shi da inji na iya barin duniyar ta ratsa gaban kyamara, ya sake saitawa, daga baya ya haɗa guntayen bidiyon.

Sai wani ƙaramin gilashi da ake kira Barlow, mai ninka girman hoto sau biyu ko uku, da kyamara, da kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir mai ƙarko. Mai farawa na iya ɗaure wayar salula a bakin gilashin da ake leƙawa ya ɗauki bidiyo, ya bi matakan nan uku. Hoton ba zai kai na kyamara ta musamman ba, amma zoben Zuhalu zai fito.

Duk waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, kuma faɗuwar darajar naira ta sa sun fi ƙarfin mutum ɗaya a mafi yawan lokuta. A ƙasashe da dama, ƙungiyoyi da makarantu ne ke sayen na'ura guda a riƙa karɓa-karɓa.

Akwai gargaɗi guda da ba a wasa da shi. Duban rana ta cikin na'urar hangen nesa ba tare da matatar haske ta musamman ba na makantar da mutum nan take. Masu neman Zahara da Uɗaridu, waɗanda ba sa nisa da rana, su ne suka fi fuskantar wannan haɗari.

Abin da kowacce ke nunawa

Lokacin da ya fi dacewa da Mirriku da Mushtari da Zuhalu shi ne na muƙabala, wato sa'ad da duniyarmu ta shiga tsakaninsu da rana. A lokacin ne suke fitowa da magariba, su kai tsakiyar sama da tsakar dare, su faɗi da asuba.

Mushtari ne ya fi saka wa mai wahala da alheri. Yana yin muƙabala duk bayan wata 13, kuma yana juyawa a kan kansa cikin ƙasa da awa goma, abin da ya sa ba a son bidiyonsa ya wuce minti uku. Ana ganin layukan gizagizansa, da inuwar watanninsa idan suna gittawa, da kuma jan tabon nan, wanda guguwa ce da faɗinta ya kai kusan kilomita 40,000 a ƙarshen ƙarni na 19, amma ta yi ta raguwa har ta dawo kusa da faɗin duniyarmu.

Zuhalu na ɗaukar shekara 29 da rabi kafin ya kewaye rana. Sau biyu a cikin wannan zagaye zobensa na juyo da kaifinsa ga duniya har ya kusa ɓacewa. Hakan ya faru a watan Maris na 2025, kuma zoben zai ci gaba da buɗewa har wajen 2032.

Mirriku sai bayan wata 26 yake matsowa, kuma ba kowace matsowa ce ke da kyau ba. Ana iya ganin farar ƙanƙarar da ke ƙuryarsa da wurare masu duhu a jikinsa. Shi ma yana da nasa hazon: a 2018 ƙura ta lulluɓe shi baki ɗaya, har ta yi sanadin mutuwar motar bincike ta Opportunity ta hukumar NASA. Lissafin masana ya nuna muƙabalar Mushtari da ta Mirriku za su zo tare a watan Fabrairun 2027, wanda ake sa ran zai dace da watan Ramadan, kuma dukansu za su ratsa kusan tsakiyar kai a Sakkwato. Sai dai a wannan karo girman Mirriku bai wuce na lemo a nisan kilomita ɗaya ba. Matsowarsa mai kyau sai a watan Satumban 2035.

Zahara kuwa gizagizai sun rufe ta ruf, amma tana sauya kama kamar wata, daga cikakkiya zuwa rabi zuwa siririn jinjiri.

Ba ado kaɗai ba

Manyan na'urori irin su Hubble ba su da lokacin zura wa duniya ɗaya ido kowane dare, domin masana da yawa ne ke layin amfani da su. Masu sha'awa ne ke cike wannan giɓi.

A ranar 19 ga Yulin 2009, Anthony Wesley, wani mai aikin kwamfuta a Ostireliya, ya ga baƙin tabo a kudancin Mushtari a cikin hotunan da ya ɗauka a gidansa. Da manyan cibiyoyi suka juya na'urorinsu wurin, sai suka tabbatar wani dutse ne daga sararin samaniya ya faɗa wa duniyar. A ranar 3 ga Yunin 2010, shi da Christopher Go suka ɗauki walƙiyar wani karon a lokaci guda, kowa a ƙasarsa, kuma wannan dacewa ce ta tabbatar ba matsalar kyamara ba ce. A watan Disambar wannan shekara, Sadegh Ghomizadeh na ƙasar Iran na cikin waɗanda suka fara ɗaukar hoton wata gagarumar guguwa da ta ɓarke a Zuhalu.

Afirka ma ta sa hannu. A ranar 31 ga Mayun 2020, Clyde Foster na Afirka ta Kudu ya gano sabuwar guguwa kusa da jan tabon Mushtari. Kwana biyu bayan haka kumbon Juno, wanda ya isa Mushtari a 2016, ya bi ta saman wurin ya ɗauki hotonta, kuma da sunan Clyde aka san ta.

Ana tattara irin waɗannan hotuna a rumbuna kamar PVOL na Jami'ar Yankin Basque da ke Bilbao a ƙasar Spain, da na ƙungiyar masu duban sama ta Birtaniya da aka kafa a 1890. Sharaɗin shi ne a rubuta ranar da mintin da aka ɗauki hoton bisa agogon GMT, wanda Najeriya ke gaba da shi da awa ɗaya. A watannin da gizagizai ke rufe samaniyar Turai, wato daga Nuwamba zuwa Fabrairu, Sakkwato na cikin rani, kuma dare na yi a wuraren biyu kusan lokaci guda. Mai na'ura a birnin na iya kasancewa cikin ƙalilan da suka ga abin da ya faru a wani dare.

Dangantaka da ganin wata

Daga Sakkwato ne ake sanar da Musulmin Najeriya tsayuwar wata. Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar na uku, wanda ya hau gadon sarauta a 2006, shi ne shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, kuma kwamitin ganin wata na ƙasa na miƙa masa rahotanni daga sassa daban-daban.

Ƙwarewar da ake samu wajen ɗaukar hoton duniyoyi, wato sanin inda abu zai fito, da saita na'ura, da haɗa hotuna, da rubuta lokaci daidai, ita ce ake buƙata wajen neman jinjirin wata. Da irin wannan dabara wani Bafaranshe, Thierry Legault, ya ɗauki hoton jinjiri da rana a ranar 8 ga Yulin 2013, a daidai lokacin haihuwarsa. Ko abin da kyamara ta kama ido bai gani ba zai iya zama hujjar ɗaukar azumi, wannan hukunci ne na malamai, kuma sun yi saɓani a kai. Abin da hoto ke bayarwa shi ne shaidar da za a iya ajiyewa a sake dubawa.

Najeriya na da hukumar kula da sararin samaniya tun 1999, da cibiyar nazarin taurari a Nsukka da ke jihar Enugu, yayin da Sakkwato ke da Jami'ar Usmanu Danfodiyo tun 1975. Na'ura guda mai madubin santimita 20 a hannun ƙungiyar ɗalibai, da littafin da za a riƙa rubuta yanayin iska na kowane dare har tsawon shekara, sun isa su nuna watannin da samaniyar birnin ta fi natsuwa, da kuma ko tsayin da duniyoyi ke kaiwa a can zai iya rinjayar zafi da ƙura.